Askin Filin Ƙwallonmu

Ranar Larabar da ta wuce, ni da tsufana, sai da na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Na kai wa yaran ƙwallon unguwarmu ta Tudun Ƙofa ruwan sha kamar yadda na saba, sai na taka wani abu mai sanyi cikin ciyawa, abin kuwa ya motsa. Bokiti ya yi gabas, silifa ya yi yamma, ban tsaya sallama da kowannensu ba.

Za ku ce me ya kawo maciji filin ƙwallo? Dokar kare lafiya ce ta kawo shi, jama'a.

Malam Zakka, malamin firamaren da ke horar da yaran nan saboda Allah, shi aka kira zuwa taron bita a otal. Mai Girma Shugaban Kwamitin Kare Ƙafafun Yara, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya karanto musu dokoki. Wasu kam sun yi: a ba yara ruwa, a tanadi bandeji, in hadari ya taso da tsawa kowa ya bar fili. Ni ma da na ji na yaba. Sai aka zo kan wadda ta ce kada dabba ta ƙara taka filin wasa.

To mu nan, tun ba a haifi Zakka ba, shanun Jalo makiyayi ke yi mana askin fili. In yara sun tashi da yamma sai ya koro su, su bi ciyawa su share ta ƙwal. Mu mata mu kwashe taki mu kai wa alayyafo. Ba wanda ya taɓa kuka.

A madadin shanu, kwamiti ya sayo injin yankan ciyawa. An ƙaddamar da shi da makaɗa, an yanka ƙyalle, an yanka kaji, ciyawa ce kawai ba a yanka ba. Zakka ya je aro, aka ce ba mai. Ya wuni a layi ya sayo nasa, aka ce mai makullin sito ya tafi wata bitar. Iyaye suka ɗauko lauje, aka ce doka ta hana shiga da makami inda yara ke wasa. Damina kuwa ba ta halarci taron ba, aikinta kawai take yi. Ƙananan 'yan wasan, kawunansu kaɗai ake hangowa suna yawo.

Ga shi ranar Asabar yaran Garaku za su zo wasan ƙarshe. In ciyawa ta wuce tsawon yatsa, a soke wasan, a karɓe lasisin koci. In an ga saniya, haka. Zakka ya zo ƙofar gidana ya zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Mama, yaran nan tun bara suke jiran ranar nan. Da wane baki zan gaya musu?"

Na ce ya shiga ɗaki ya duba jarrabawar ɗalibansa, kada ya leƙo ko ta taga. Da Nana Khadija, matar Jalo, ta kawo nono, na ce mata abin tausayi, shanu ba su yi boko ba, ina za su san an yi doka? Ta ce wallahi Inna, nasu ma ɓatan kai gare su, musamman bayan la'asar.

Sun kuwa ɓata, Alhamis da Juma'a. Duk unguwar ba wanda ya gani, idanunmu sun tsufa. Mun dai fita da tsintsiya da kwando da sassafe.

Asabar Mai Girma ya iso da jiniya, ya durƙusa da ƙyar, ya gwada ciyawa da yatsansa mai zobe. Ya ce wannan aski sai injin ƙasar waje. Ya juyo gare ni.

"Kaka, kin ga amfanin ci gaba?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Ko ƙararsa ba mu ji ba."

Aka hura usur. Garaku suka lallasa mu, amma yara sun yi wasansu, ba wanda ya taka abu mai sanyi, lasisin Zakka na aljihunsa.

Yanzu na ji kwamiti zai sayo inji na biyu saboda nasarar na farko. Jalo ya ce kada su wahalar da kansu, ɗaya daga cikin masu aikin tana da ciki, haihuwa yau ko gobe.