Ranar da Na Sa Aka Karanta Dokar da Ta Kore Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na haƙa rami da bakina, na kuma faɗa ciki a gaban ɗalibai cike da zaure. Shekarar da soja suka koma bariki ce, kowa a Kaduna bakinsa ya buɗe, ni kuwa nawa ya fi na kowa. Ina karatu a wani reshen jami'a da ke wajen Barnawa, kullum daga Romi nake shigowa.

Abin da ya tunzura ni shi ne korar Godiya, 'yar ajinmu. An dakatar da ita zango guda wai ta dafa abinci da risho a ɗakin kwana. Ta ce ba ta san an hana ba, aka ce yana cikin littafin dokoki. To ina littafin? Yana kulle a durowar Madam Rajistara, kamar kayan gado. Ka ji zalunci! A hukunta mutum da dokar da bai taɓa gani ba, uwarta kuwa tana can tana suyar ƙosai a bakin masana'antun Kudenda don ta yi karatun nan.

Ni da abokina Emeka muka bi aji-aji muna tambaya: wa ya taɓa ganin littafin nan da idonsa? Waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba (ɗayansu ma daga baya ya ce shi ya ɗauka littafin waƙoƙin coci muke nufi). Da muka matsa, hukuma ta kira taro, ɗalibai suka ce ni zan yi magana a madadinsu.

Na ci kwat ɗin yayana, na hau mumbari. Na ce zamanin "yi shiru ka bi" ya wuce. Na buga tebur. Na ce, "Madam, in dai ba tsoro ake ji ba, a fito da littafin nan a karanta mana yanzu, daga farko har ƙarshe!"

Zaure ya ɗauki tafi. Emeka yana ihu, "Gaya musu, shugaba!"

Madam ta aika aka ɗauko. Ta gyara tabarau, ta fara karantawa a nutse. Tana cikin shafi na biyu sai ga wannan: ɗalibin da ya faɗi darasi fiye da ɗaya bai gyara ba, ba shi da izinin wakiltar ɗalibai a kowane taro.

Ta ɗago kai. "Ɗana, kai nawa ne a kanka?"

Uku ne. (A gida kuwa na ce wa Baba sakamako bai fito ba.) Kafin in buɗe baki, wani ɗan banza daga bayan zaure ya ɗaga murya, "Uku ne, Ma! Har da lissafi!"

Dariyar da aka yi har yau tana kunnena. Madam ta ce, "To bisa doka, sauka ka zauna." Na sauko ina neman inda zan sa fuskata, kwat ya yi mini nauyi kamar buhun siminti.

Amma fa har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ni ma ai ban san da dokar ba! A ranar Godiya ce, da ta zo taron duk da dakatarwar, ta miƙe ta faɗi haka: "Ma, ko shi da ya tara mu bai sani ba. Mu fa?" Kafin mako ya zagayo aka manna dokokin a allon sanarwa, aka ajiye kwafi a laburare, aka kuma mayar da Godiya aji. Ni kuwa har na gama makarantar sunana Shugaba Uku.

Ban yi nadamar neman a kunna fitila a kan dokokin nan ba. Sai dai yanzu kafin in ce a kunna, nakan shafa in ji ko wandona a yage yake.