Ranar da Na Tuɓe Haƙorana a Ƙofar Mai Unguwa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan taɓa mantawa da daminar da na ƙudurta zuwa Misra a dasa mini haƙora. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, ba da son raina ba.

Ni malamin firamare ne a Sabon Birni, kuma mutum ne mai ji da kansa (matata Asabe ta ce in gyara, in rubuta "mai ji da bakinsa"). Ni ake miƙa wa lasifika a wajen walima da taron iyayen yara, in yi ta zuba ina murmushi har kunne. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, haƙoran gabana na sama na roba ne. Na asalin na baro su a hanyar Turba, ranar da babur ya kayar da ni ina dawowa daga Isa. Daga asibiti na zarce Sakkwato, na sa aka ce wa mutane kwas aka tura ni, na dawo da murmushi sabo fil. In ban da Asabe, babu mahaluƙin da ya taɓa ganin giɓina a garin nan.

Da shekaru suka ja, sai robar ta fara rawa a bakina. Na daina cin rake, na daina yagar tsire a gaban mutane. Wata rana ina tsakiyar koyar da lissafi atishawa ta zo mini, na cafe haƙoran a tafin hannu, na juya wa yara baya kamar mai duba allo. A ranar na yanke shawara. Wani abokin karatuna ya haɗa ni da wani asibitin haƙori a Alƙahira, inda suke dasa ɗan ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, in ya kama su ɗora haƙori a kai, ba cirewa ba rawa. Sai dai likitan ya ce kafin a yi maganar biza da tikiti, dole ya riƙa duba bakina ta kiran bidiyo, ya ga ko dasashina zai ɗauka.

To a nan gizo ya fara saƙa mini. A lokacin an kashe layukan wayarmu saboda matsalar 'yan bindiga. Duk mai son kira sai ya sa layin Nijar, ya hau wani tudu da ke bayan gari ta hanyar Unguwar Lalle, inda sabis ɗin maƙwabta yake leƙowa. Kuma tudun nan yana da dokarsa da ba a rubuta ba: kowa a fili yake tsayawa, ya ɗaga murya. Mai rigima da matarsa, mai cinikin albasa, mai gaida ɗansa a Legas, duk a kunnen jama'a. Ba don daɗi ake haka ba, sai don kowa ya san da wa kake magana. Ba a daɗe ba da aka shigo gari aka ɗauke Ilu mai shagon magani, ƙanen Bawa shugaban 'yan sa-kai, kuma yadda ɓarayin suka nufi ɗakinsa kai tsaye ya tabbatar wa kowa cewa akwai infoma a cikinmu.

Ni kuwa, da duk karatuna, me na yi? In na hau tudu sai in gaisa da mutane sama-sama, in sulale in kutsa cikin gonar gero inda ba mai ganina. Can zan tsuguna in cire haƙoran, in hangame baki, in dalle shi da tocila da rana tsaka, ina raɗa da Turanci. In na gama in goge hotuna da saƙonni tas, kada wani ya ari wayata ya yi mugun gani. Lambar asibitin ma ban sa mata suna ba. Kamar hakan bai isa ba, na shiga tasha ina tambayar direbobi wace rana sojoji suke rakiyar motoci zuwa Sakkwato, kuma wane wuri ne rakiyar take tsayawa. Ni dai lissafin yadda zan kai filin jirgi da raina nake yi. (Na san abin da kake tunani, mai karatu. Ni a lokacin ko a jikina.)

Asabe ta gargaɗe ni. Ta ce, "Malam, ka hwaɗa ma ko Baba na. Wanga ɓoyo naka ba shi yi min daɗi." Na ce mata in labari ya fita cewa zan tafi ƙasar waje, ɓarayi za su ɗauka ni mai kuɗi ne. Hujja ce mai kyau, har ni na kusa yarda da ita. Gaskiyar magana kuwa, surukina Alhaji Garba shi ne mutum na ƙarshe a duniya da nake so ya san da robar nan.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Ina tsugune cikin gero, kira bai ma shiga ba, sai na ji karan gero yana karyewa ta bayana. Na yi wuf na mayar da haƙoran baki, na juya. Bakin bindigar toka ne yake kallona, Bawa yana bayanta, da mutanensa sun zagaye ni.

"Aje hitilar ga ƙasa, Malam," in ji shi. Muryarsa a kwance, kuma kwanciyar ce ta fi ba ni tsoro. "Miƙo wayar."

Na miƙa. Ya duba, ya duba, ya ɗago. "Babu saƙo ko guda. Lamba ɗaya, ta wata ƙasa, babu suna. Da wa kaka magana?"

Na ce, "Wani... abokina na."

Wallahi haka na ce. Bindiga a ƙirjina, amma tunanina yana kan roba.

Suka tasa ni gaba har ƙofar mai unguwa. Kafin mu isa gari ya ɗauka. Mutanen da na yi wa sanarwa a bikin 'ya'yansu, iyayen yaran da nake koyarwa, duk ga su nan, kuma ba mai haɗa ido da ni. Na ga sanduna, na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Kowa a yankinmu ya san abin da kan sami wanda aka laƙa wa sunan infoma, kuma ba kullum ake jiran hukuma ba. Aka zaunar da ni a ƙasa. Mai unguwa yana kan kujerarsa, Alhaji Garba yana gefensa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da ƙarfi.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ba mu so mu zalunce ka. Mi kaka yi cikin gero da hitila da rana?"

"Ranka shi daɗe, sha'ani na na kaina."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani direba ya matso ya ce, "Ni yat tambaya ranar da sojoji ka rakiya. Har da inda suka tsayawa!"

"A ba mu shi!" wani ya yi ihu daga baya.

Harshena yana taɓa robar nan yana komawa. Na sani sarai cewa motsi ɗaya na yatsa biyu zai cece ni. Amma sai in dubi surukina, in dubi ɗalibaina da suka hau katanga, in ji hannuna ya yi nauyi. Ban taɓa sanin girman kai yana iya kai mutum bakin kabari yana zaune ba sai ranar.

Bawa ya tsuguna a gabana, idonsa jajir. Ya ce a hankali, "Ilu na daji, Malam. Ɗiyanshi na tambayata kullum. In ka san wani abu, hwaɗi yanzu, tun ina iya riƙe mutanen ga."

Sai ga Asabe. Matar da ko gaban mahaifinta ba ta ɗaga murya, ta ratso tsakiyar maza da hijabinta a karkace, ƙafa ba takalmi.

"Malam, don Allah don Annabi, hidda su!"

"Mi za shi hiddawa?" in ji mai unguwa. Na ga 'yan sa-kai sun gyara riƙon bindiga.

"Hidda su su gani! In ba ka hidda su ba, wallahi ni za ni sa hannu in hiddo su!"

Na san Asabe, za ta aikata. Na rufe ido, na sa yatsa biyu a baki, na zaro haƙorana, na ɗaga su sama a gaban rabin Sabon Birni.

Wata tsohuwa ta yi salati. Na fara bayani, amma duk wanda ya taɓa magana ba haƙoran gaba ya san yadda abin yake: iska ce take fita, kalmomi suna zamewa, "Misra" da "asibiti" duk suka koma fito. Gwanin lasifika ke nan. Mai unguwa ya sa aka karɓi robar a matsayin shaida, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa yana juya ta. Da ta iso wajen Alhaji Garba, ya riƙe ta da gefen rawaninsa, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ashe da wanga murmushi kaz zo neman ɗiyata."

Wani ya tuntsire, sai dariya ta ɓarke. Amma Bawa bai yi ba. Ya ce giɓi ba ya wanke mutum, sai an kira lambar. Haka aka sake tasa ni zuwa tudu, gari guda a bayana. Kira ya shiga, likita ya bayyana da farar rigarsa, ya gaishe ni da sunana, ya ce in buɗe baki. Na buɗe. Ya ce haske bai isa ba. Bawa da kansa ya ɗauki tocilar ya haska mini baki, bindigarsa a rataye, mutane suna leƙe ta kafaɗarsa. Likitan ya ce dasashin ya yi kyau, amma in daina goro. Wani ɗalibina na da ya fassara wa jama'a da ƙarfi, har da maganar goron.

Da mutane suka watse suna riƙe ciki, Bawa ya miƙo mini wayata. Ya ce, "Tun da anka ɗauki Ilu, kai muka bi, Malam. Duk ƙarfinmu kanka munka sa. Wanda yas sai da ƙanena na can yana yawo, mu muna gadin giɓi."

Ya juya ya tafi. Duk dariyar da aka yi mini ranar ba ta taɓa ni kamar wannan maganar ba.

Allah ya sa Ilu ya dawo bayan an yi girbi, a rame amma da ransa. Na je yi masa barka, yana ganina ya ce, "Malam, ina labarin haƙora?" Ashe har a daji ya ji.

Tafiyata Misra tana nan, ana jiran biza. Yanzu kowa a garin ya san ranar da likita zai kira, wasu har tuna mini suke yi. In na hau tudu, a tsakiyar jama'a nake tsayawa, in cire robar in sa a aljihu, in hangame baki, duk wanda ya fi kusa ya riƙe mini tocila. Abin da na koya shi ne, a gari irin namu, in ka ɓoye ƙaramin abu, mutane za su cike gurbin da mafi munin abin da suke tsoro. Ni giɓi na ɓoye, saura ƙiris a rufe ni da haƙorana cif a baki.