Rasuwar Bakan-Gizo, Mai Duba Rijiyoyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Hayatu Zarami na Demsawo, tsohon malamin kimiyya, nake sanar da rasuwar na'urata Bakan-Gizo, wadda ta cika a hannuna bayan doguwar jinya.

An haife ta a kan tabarmata, a shekarun da shiga kasuwar Jimeta sai da addu'a. Jikinta kwalin sabulu ne, idonta kyamarar tsohuwar waya, zuciyarta ɓallen faifan sidi. In aka ajiye mata ruwa a kwalba aka haska fitila, sai ta ce "ƙit", ta baje hasken launi-launi, mu duba ko ruwan na sha ne. Ba ta taɓa yi wa rijiya kara ba, ko ta wane ce.

Masoyanta sun sha cewa in yi mata jiki mai ƙwari. Na gwada, na sa ta a bututu. A shingen bincike na hanyar Yola aka ga bututu da wayoyi a jakata. Aka zaci bam ne, aka kwantar da ni a kwalta, masu talla suka watse. Ban ga laifin kowa ba, zamanin ne ya zo da haka. Na mayar da ita kwalin da kowa zai buɗe da yatsa. Kwalin nan ya cece ni, ita kuma shi ya ci ta: laimar damina ta jiƙa shi, tsagar da haske ke shiga ta karkace.

Aikinta na ƙarshe a unguwar Bako ne, a rijiyar da Fibi ke ɗiba, matar da ta gudo daga Michika da 'ya'yanta ta zauna. Wani baƙin layi ya gifta cikin launukan, irin wanda ban taɓa gani ba. Jauro, mai unguwar, ya ce in sake gwadawa kafin a hana mutane ruwa. Na danna, ba ta ce "ƙit" ba. Har yanzu ban sani ba, rijiyar ce ba lafiya ko marigayiyar ce ke magagin mutuwa. Ina jin tsoro.

Ta rasu ta bar fitila ɗaya, kwalbar ruwan da ba a gama dubawa ba, da unguwa guda tana sha.

Ba za a binne ta ba, don wanda aka gani yana binne akwati mai wayoyi ya san sauran. Za a kwance ta a bainar jama'a, a ƙofar Jauro, ranar Juma'a bayan la'asar. Masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da ruwansa daga gida. Fibi ta aiko a yi mata uzuri, tun jiya autarta ke kwance.