Kananzir da Alli

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara waccan ba, ko da na so in manta.

Ni makanikin injin casar masara ne. Ban yi boko ba. Ƙarfe nake ƙwanƙwasawa da sifana in saurara. In ya yi amo, lafiya lau. In ya yi dum, akwai ciwo. Da haka na ciyar da gidana shekara talatin.

Ranar muna gonar Malam Iro a Gozaki, masara jibge, sai ga Nasiru, ƙanin matata, ya zo hutu. Aikinsa duba injin jirgin sama a Legas. Ya zagaya injina, ya tsaya a kan farfela. Ya nemi kananzir, ya shafa, ya goge, ya barbaɗa garin alli. Can sai wani layi siriri kamar gashi ya fito kusa da waldar da na yi.

"Yaya, kada ka tada injin nan. A wajenmu in aka ga irin wannan, jirgi ba ya tashi sai an sauya ƙarfen. Doka ce, ba shawara ba."

Wai ma, in ji shi, tsaga ɗaya za a gani a wata ƙasa, a aiko takarda a buɗe duk inji irinsa a duba.

Na ƙwanƙwasa farfelar. Ta yi amo. Na ce masa injina ba Makka za shi ba, a ƙasa yake aiki, ya je ya shafa wa jirginsu hoda. Ma'aikata suka fashe da dariya. (Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina jin haushin yadda yayarsa ke kiransa Injiniya, ni kuwa ta ce da ni mai walda.)

Nasiru dai ya je ya matsar da mata masu sheƙa zuwa bayan ɗorawa.

Na tada inji. Buhu na huɗu bai cika ba sai wata ƙara. Da na farga, ina kwance ƙarƙashin amalanke, fuskata cikin kashin shanu. Reshen farfelar ya fasa murfi, ya sami bijimin Malam Iro a wuya. Shanun huɗarsa biyu ne tak.

Aka nemo wuƙa kafin ya zama mushe. Ni na riƙe ƙafafun baya. Malam Iro ya yanka, bai dube ni ba. Abin da ya ce kawai, "Gara shi da mutum."

Da yamma ya aiko min da kason nama, kamar yadda ya aika wa kowa. Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Matata ta dafa. Nasiru ya ci nasa. Ni na kasa kai hannu.

Da damina ta sauka, da garmar hannu Malam Iro ya yi huɗa, dattijo da shi. Kwana shida ina taya shi huɗa, a kunyar kusa da tasa.

Abin da na koya bai da yawa. In akwai 'yan kallo a wuri, ba ƙarfen nake saurara ba.