Yadda Za Ka Zaɓi Filogi Ka Mallaki Motar Surukinka

Idan surukinka na da tsohuwar mota a rumfa, idonsa ya fara gajiya da tuƙi, kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa cikin mazan 'ya'yansa zai ba da ita ga wanda ya fi sanin ciwonta, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na yi maka alkawari makulli zai kwana a aljihunka. An gwada su a kan Dogo, wani tela da bai taɓa buɗe bonet ba sai ranar da ya ji mijin yayar matarsa ya sayo wa motar sabon baturi.

Mataki na 1: Nemo ciwon da ba a riga ka ba

Abokin takararka ya kama baturi, bar masa. Tsaya kusa lokacin da Baba, surukin naka, ke tayar da mota, ka karkata kai kamar likita. Da ta yi tari ka ce, "Filogi ne." Kada ka ƙara ko kalma. Masu dogon bayani su ake kamawa.

Dogo ya faɗa. Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Ashe kai ma ka ji?"

Dogo bai ji komai ba, amma ya gyaɗa kai.

Mataki na 2: San ƙarfen kafin ka shiga shago

Filogi shi ne ɗan abin da ke tofa tartsatsi cikin injin, man fetur ya kama wuta. Duk rigimar a tsininsa take.

Akwai na jan ƙarfe, mai kaurin baki, mai wuta, amma da wuri yake cinyewa. Akwai na filatinam, mai haƙuri, wanda ba a yabonsa ba a zaginsa. Sai na iridiyam, tsininsa siriri kamar allura, ya fi kowa daɗewa, ya fi kowa jin kai. Dogo na jin an ce allura hankalinsa ya kwanta, don an shigo fagensa.

"Motar wace shekara ce, maigida?" in ji mai shago.

"Ta girmi matata."

"To jan ƙarfe ya ishe ta."

"Malam, ba motar nake son burgewa ba."

Mai shago ya ɗaure masa huɗu na iridiyam. "Amma fa kada a kankare tsinin, kada a buga shi. Yadda yake haka za a ɗaura."

Mataki na 3: Kada ka miƙa a ɓoye

Alherin da ba shaida asara ne. Jira sai Mama, surukarka, ta fito da kujerarta, abokin takararka kuma ya zo gaisuwa. Durƙusa, ka miƙa kwalin da hannu biyu, ka furta "iridiyam" a hankali kamar sunan maganin da sai a babban asibiti. Dogo ya yi haka, ya ga mai baturi ya haɗiye yawu. A ransa har ya fara tunanin kalar yadin da zai ɗinka wa kujerun.

Mataki na 4: In Baba ya shiga ɗaki ya fito da sanfefa, haɗiye iliminka

Tsofaffin masu mota ba sa yarda da filogin da bai sha hannunsu ba. Baba ya ɗaga ɗaya sama ya ƙanƙance ido. "Wannan ai bai ƙoshi ba."

"Baba, an ce irin wannan ba a kankare shi."

"Wa ya ce?"

"Mai shago."

"Mai shagon ya taɓa tuƙa motar nan?"

"A'a, Baba."

"To riƙe min kwali."

Dogo ya riƙe kwali. Baba ya goge na farko da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya zura bakin wuƙa ya buɗa giɓin da ke bakin tsinin, ya ga ya yi yawa, ya ƙwanƙwasa shi a dakali. Wani ɗan abu ya yi tsalle ya faɗi kusa da takalmin Dogo. Dogo, wanda ke tsintar allura a cikin tsumma, ya gani. Baba ma ya gani. Suka haɗa ido. Baba ya ɗauki na biyu.

A nan ake gane mai rabo. Ɗora ƙafarka a kan abin da ya faɗi, ka ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Mataki na 5: Ɗauki laifin tun kafin a raba

An ɗaura, an murɗa makulli. Motar ta yi atishawa, ta kama rawar sanyi, bututun salansa ya saki hayaƙin da ya kori kajin maƙwabta.

Mama ta toshe hanci da mayafi. "Alhaji, me aka yi mata? Da safe ai lafiyarta ƙalau."

"Ni dai baturina sabo ne," in ji mijin Yaya.

Baba ya tsura wa sanfefar hannunsa ido kamar yau ya fara ganinta. Shekara da shekaru yana gaya wa matar nan babu bakaniken da ya kai shi.

"Ni ne, Mama," in ji Dogo. "Ban iya zaɓe ba. Baba ma gyara min yake ta yi."

Mama ta yi masa wankin babban bargo. Mai baturi ya taya ta da tsaki. Jure. Zagin suruka ba ya huda riga.

Mataki na 6: Karɓi makulli

Da tsakar gida ta watse, Baba ya kira shi bayan mota ya danƙa masa makulli.

"Mota tana son mai riƙe baki. Taka ce."

Dogo ya zube yana godiya.

"Ka sayo mata jan ƙarfe. Gobe za ka kai ni asibiti, jibi ka kai Mamanku kasuwa, ka jira ta gama. A nan za ta ci gaba da kwana, ƙofar gidanku ba inuwa. Mai kuwa, ka sani, na mai mota ne."

Gargaɗi

Marubuci makulli ya yi maka alkawari, kuma ka samu. Babu ruwansa da injin da ya buga, shagon ɗinkin da aka rufe tsakar rana ana jiran Mama a bakin kasuwa, ko abokin takarar da yanzu ke wuce ka a kan babur ɗinsa yana ɗaga maka hannu. Mai ƙorafi ya kai wa surukinsa, in ya isa.