Ranar da Na Sa Sojan Rumawa Su

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zo duba ni a aji, lokacin ina gwajin koyarwa a wata sakandare a Gashuwa. Malamar da aka turo, wata Hajiya mai tabarau, ba ta da wasa. In ta kayar da kai sai ka maimaita shekara, ni kuwa iyayen budurwata Falmata sun ce ba maganar aure sai na gama.

Darasin tarihi ne, kan sojojin Rumawa. Na bugo hoton wani sassaƙen dutse na manna a allo, na haddace takobi da garkuwa da hular ƙarfe. Ina ta zuba, har Hajiya na gyaɗa kai. Kaina ya kumbura.

Sai wata ɗaliba, Hauwa, ta ɗaga hannu. "Malam, wancan na gefe fa, mene ne ya rataya?"

Wallahi sai lokacin na lura da shi. Wani abu ne lanƙwasasshe, ya zagaye mutumin ta kafaɗa, da sanda a gicciye. Ni kuwa ɗan Dagona ne, a bakin ruwa na tashi (abin da ido ya saba gani shi yake gani). Na gyara murya na ce, "Homa ce, ta kamun kifi. Soja ma ai yana cin abinci. In sun yada zango sai ya shiga kogi ya kamo musu kifi."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ina! Har na kwatanta yadda ake tura ta a ruwa.

"To Malam, me ya sa ya sa ta a baki?"

"Zare yake tsinkewa da haƙori."

"Kumatunsa fa da suka kumbura?"

Na sake duba hoton. Daga bayan aji Hajiya ta ce a hankali, "Malam, ƙaho ne. Ka ɗauka kakaki aka lanƙwasa. Da shi ake sanar da runduna ta taso ko ta ja da baya, don murya ba ta kai ko'ina a fagen yaƙi."

Dariyar da aka yi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tabbata aure ya tafi.

A waje ta cire tabarau tana share hawayen dariya. "Ɗana, ka iya koyarwa, har ni na kusa yarda. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Gobe ka koma ka gyara da bakinka, sannan in sa hannu."

Na koma, na gyara, har busa na kwaikwaya.

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe malami. Amma har yau in na ratsa kasuwa, sai wani ƙato mai gemu cikin ɗaliban ajin nan ya ɗago hannu daga rumfar barkono ya ce, "Malam, ya ruwa? Rumawa sun samu kifi?"