Yadda Alhaji Sunusi Ya Zama Fada a Ain Khaled

"Harsuna goma sha ɗaya ne a bakina, Malam! Miksi kuwa abin karin kumallo ne."

Haka Alhaji Sunusi, mai gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu, ya faɗa mini a falona da ke unguwar Ain Khaled, nan ƙasar Larabawa. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, don haka na gyara masa: "Mihe ake cewa." Ya ce ai karin harshe ne.

Ga abin da ke ƙasa, ɗan'uwa. 'Yata Rukayatu tana binciken digiri kan Mihe, wani harshe na ƙasar Meziko. Maƙwabcinmu injiniya ɗan can ne, mahaifiyarsa ta zo ziyara, Mihe kawai take ji, jibi kuma za ta koma. Awa ɗaya tak ta yarda a naɗi muryarta.

Ranar naɗin, Sunusi ya iso da takardu, kwafin littafin Mihe na wani limamin Katolika na zamanin Turawan mulki. Ya ce ya haddace shi tas. Bayanin Sifaniyanci da ke gefe kuwa bai karanta ba.

"Kawu, ka bari ɗanta ya fassara," in ji Rukayatu.

"Yalla, kunna na'ura!" in ji Sunusi. "Kai injiniya, ba mu wuri."

Gogan naka ya gyara hula, ya harba jimlar farko. Tsohuwa ta zaro ido. Ya harba ta biyu. Sai ta durƙusa, ta haɗa hannuwa, ta dinga zuba kamar famfo, har da hawaye. Shi kuma sarkin surutu yana gyaɗa kai: "To, to. Madalla."

Da awa ta cika, injiniya ya dawo, ya saurari minti ɗaya, ya dafe kai.

"Me ya tambaye ta?" na ce.

"Ya ce: 'Kin saci kazar maƙwabta? Sau nawa?' Littafin nan na furta zunubi ne! Ta ɗauka Fada ne, limamin coci. Duk asirin ƙauyenmu na ciki. Ku goge, khalas, shi ke nan!"

Aka goge. Tsohuwa ta ce ba ta da sauran magana a duniya.

Saboda haka ina neman hakkin 'yata: Sunusi ya rubuto takardar ban haƙuri, shafi biyu, ba kuskure. Jiya ya zo da ita. Ina cikin yi mata ado da jan biro, sai ga injiniya da waya a hannu, ya nufi Sunusi.

"Fada, gwaggonnina uku ne a layi. Wacce za ta fara?"